Wayar da na ja tam a bakin Bahar Maliya

Shekara shida na yi ina jan wayar intanet a ofisoshi da shaguna a Jidda kafin a ba ni aikin bakin ruwa. Aikin ofis ba shi da rigima. Bango yana nan inda ka bar shi jiya, silin yana nan, sanyi yana kaɗa ka, in layi ya ƙi tashi ka san ko dai kai ne ba ka matse kan wayar da kyau ba, ko ɓera ya kai mata ziyara. Da maigidanmu ya ce akwai wata 'yar marsa a Abhur, arewa da gari, mai gurabe 36 na ɗaure jiragen shaƙatawa da na masu zuwa kamun kifi, kuma mai wurin yana son layi a kowane gurbi, sai na ɗauka ofis ne aka shimfiɗa a kan ruwa. Har na yi wa maigida alkawarin kwana goma.

A watan Janairu muka fara, lokacin da Jidda ke da daɗin aiki. Wurin gada ce mai iyo, doguwa, an zura ta a jikin ginshiƙan ƙarfe yadda za ta hau ta sauka tare da ruwa. Daga tudu ana gangarowa kanta ta wata matakalar alminiyom, kanta na sama a ɗaure da tudu, ƙafarta a kan 'yan tayoyi. Na zo da zane a kwamfuta, da abin awo, da girman kai daidai gwargwado.

Rana ta biyu ina waya da gida sai wani dattijo da ke wanke jirgi ya ɗago ya ce, "Kai, ɗan wane gari ne?" Bahaushe ne haifaffen Bur Sudan. Iyayensa na cikin mutanen da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar aikin Hajji, hanya ta riƙe su a Sudan har suka yi 'ya'ya a can. Hausarsa tsohuwa ce mai ɗanɗanon Larabci, ga karin magana da ni da na tashi a Kano ban taɓa ji ba. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini muhandis, wato injiniya da Larabci, da wata 'yar murya da ban gane ko girmamawa ce ko tsokana ba.

Ranar da nake ɗaure bututun waya a gefen matakala ya zo ya tsaya a kaina. Na ja shi tam, na kafe shi a tudu, na kafe shi a gada, na bar rarar da ba ta wuce taƙi biyu ba, don ni a ganina waya mai lilo alamar aikin ganganci ce. Ya ce, "Ɗana, sakar mata igiya. Ruwan nan sauka zai yi." Na ce, "Baba, na duba jadawali. Hawa da saukar ruwa a Jidda ba su taka kara sun karya ba." Kuma ban yi ƙarya ba, a tsakiyar Bahar Maliya bambancin da ake samu a yini ɗaya ƙanƙani ne. Bai yi musu da ni ba. Ya durƙusa ya nuna mini ginshiƙi ta cikin ruwa, inda wasu ƙananan ƙwanso suka manne suka yi zobe, ya ce da zafi wannan wurin a waje yake kwana. Na ce to, na ci gaba da abin da nake yi.

Abin da jadawalin yini bai gaya mini ba shi ne ruwan yana da hawa da sauka na shekara. Da hunturu iskar kudancin tekun tana turo ruwa ciki ta mashigar Babul Mandab. Da bazara iska ta juya daga arewa ta kore shi waje, ga rana tana shanye shi, ba kuma wani kogi da ke zuba a ciki duk shekara. Tsakanin lokutan biyu ana samun wajen rabin mita. Ni kuwa na auna a lokacin da ruwa yake sama, wato lokacin da gada ta fi kusa da tudu.

A watan Yuli aka kira mu: kyamarorin da muka saka a gadar duk sun mutu. Na tarar gada ta yi ƙasa, bututuna ya miƙe kamar tsirkiyar baka, ya tsage a bakin maɗauri. Kowane jirgi ya wuce, igiyar ruwansa ta girgiza gada, gefen alminiyom ya ɗan goge wayar, har ya cinye rigarta ya kai ga tagulla. Baba yana zaune a inuwa yana warware igiya. Ya ce, "Sannu da zuwa, muhandis." Daga nan bai ƙara ko kalma ba, kuma wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Gyaran ma ya zo a mummunan lokaci, don daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki a rana tsakanin ƙarfe 12 da 3. Bayan sallar asuba muke farawa, kafin hantsi rigarka ta jiƙe sharkaf da laima.

Tun da aka buɗe aikin sai sauran kurakuraina suka fito layi. Wayar tagulla irin ta Cat6 iyakarta mita 100, wato 90 a cikin bango ko bututu, 10 na 'yan guntayen da ake haɗawa a bakin na'ura. Wannan ko yaron da ya fara koyo ya sani. Amma ni a zane na auna daga ofishin marsa zuwa ƙarshen gada a miƙe, na manta da zagayen da bututu zai yi ta bayan ɗakin janareta da gangarar matakala. Guraben ƙarshe sun wuce iyaka, layinsu yana zuwa yana ɗaukewa tun ranar farko, ni kuma ina ɗora wa na'ura laifi.

Sai gishiri. Bahar Maliya na cikin tekunan da suka fi gishiri a duniya, wajen giram 40 a kowane kilo na ruwa, alhali manyan tekuna 35 ne. Ba sai ruwa ya taɓa abu ba, iskar ma ta isa. Na buɗe murfin soket na gurbi na bakwai, na tarar da 'yan haƙoran nan takwas masu ruwan zinariya sun koma kore shar, biyu sun narke sun zama gari. Waɗanda suka fi lalacewa su ne layukan da ke ɗauke da wutar kyamara a cikin wayar intanet ɗin kanta, wajen bolt 48. Wuta da danshi mai gishiri in suka haɗu a kan ƙarfe, cinsa suke yi da sauri. Sukurorin da na saya a matsayin marasa tsatsa kuwa duk sun zubo da jan hawaye a jikin akwati. Ashe ƙarfen iri-iri ne: mai lamba 304 na kicin da ofis ne, na bakin teku 316 ake nema, shi ne aka ƙara wa sinadarin da ke jure gishiri. Akwatin da na toshe ko'ina don kada ruwa ya shiga, shi ma na same shi da ruwa kwance a ƙasa. Rana ta gasa shi, dare ya sanyaya shi, iskar da ke ciki ta yi raɓa, ba ta da hanyar fita.

A karo na biyu na sauke girman kai na zauna da Baba da yaran jirage, muka sha shayi, na tambaye su wa ke amfani da soket ɗin nan. Suka kalli juna suka yi dariya. Babu wanda ya taɓa soka waya a ciki. Masu jiragen da wayoyin hannunsu suke zuwa, ga layin STC ko Mobily ko Zain yana kamawa har bakin ruwa. Abin da ya dame su shi ne su ga jirginsu ta kyamara suna gida, ƙofar shiga ta buɗe da kati, yaran da ke kwana a jirgi su sami waifai su kira iyalansu. Mai wurin ya nemi soket 36 ne don ya ga haka a wata marsa a ƙasar waje. Ni kuma ban tambaye shi me za a yi da su ba, don kowane soket kuɗi ne a takardar da muka kai masa. Wannan ɓangaren ne har yanzu nake jin kunyarsa, fiye da wayar da ta tsinke.

Sabon tsarin ya fi na farko ƙanƙanta. Faiba guda, wato wayar da ke kai saƙo da haske, muka ja daga ofis zuwa akwati ɗaya a tsakiyar gada. Ita gilashi ce, ba ruwanta da tsatsa, ba ta ɗauko wutar tsawa ta kai wa na'urorin ofis, nisan mita ɗari kuma ba komai ba ne a wurinta. Lanƙwasa mai tsanani kawai ta ƙi jini. Daga akwatin gajerun wayoyin tagulla na waje, masu maiƙo a ciki don hana ruwa bi, suka tafi ga kyamarori da na'urorin waifai uku a kan sanduna, sama da rufin jirage. Kowace waya ta ƙasan akwati take shiga, bayan ta ɗan yi lanƙwasa ƙasa yadda ɗigon ruwa zai faɗi kafin ya kai baki. Akwatin muka yi masa rumfa da 'yar ƙofar numfashi. Bututun intanet daban, na wutar lantarki daban. Na dage aka ƙara bututu ɗaya babu komai a ciki sai igiyar ja. Mai wurin ya yi ta ƙorafin biyan kuɗin bututun da ba waya, har sai da maigidanmu ya rage masa wani abu.

Da muka zo matakala na miƙa wa Baba bututun roba mai lanƙwasuwa na ce, "Baba, ku nuna mini iya inda kuke so." Ya ɗauka ya saki, ya ƙara saki, har ya yi wani babban lilo a ƙarƙashin matakalar, abin da da a ofis ne sai a ce ban iya aiki ba. Ya sa yaro ya yi tsalle a kan gada, muka ga lilon ya motsa bai taɓa ƙarfe ba. Ya ce, "Ɗaure nan."

Soket 36 ɗin suna nan a jikin ginshiƙan wuta, mun toshe su da murfi. Watan jiya da na je duba kyamara na ga wani ya rataya bokitin kifi a jikin na gurbi na bakwai.