Buhun PICS: Ta Ina Manomi Ke Ji, Wa Kuma Yake Yarda da Shi

Mu masu sayar da kayan ajiyar hatsi, rabin aikinmu bayani ne. Buhun PICS, wato buhun ajiyar wake da hatsi da ba ya barin iska ta shiga, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta samar tare da masu bincike a arewacin Kamaru, ya fara yaɗuwa a ƙasar Hausa bayan 2007. Ledoji biyu ne masu kauri a ciki, sai buhun saƙa a waje, ana samun na kilo 50 da na kilo 100. Ba a zuba masa magani. Ƙwarin da ke cikin waken su ke shaƙe ragowar iskar, in ta ƙare su mutu. To, wannan maganar ita ce manomi ba ya karɓa cikin sauƙi, musamman wanda ya saba jefa ƙwayar maganin ƙwari ta Phostoxin a kowane buhu.

Rediyo na sa a san sunan abu. Mutum zai zo shago ya ce ya ji ana tallar buhun da ba ya buƙatar magani, ya tambayi kuɗi, ya jujjuya shi, ya tafi. Rediyo ba ya nuna yadda ake ɗauri, alhali sirrin duk yana wurin ɗaurin.

Abin da ke kawo ciniki shi ne gani da ido. Malamin gona ya tara mutane a ƙofar mai gari lokacin kaka, a cika buhu a gabansu, a ajiye shi a gidan wani amintacce. Bayan wata huɗu zuwa shida a sake taruwa a kwance. In aka ga wake fes, ba huda ba gari, to garin nan ya sayu. Daga nan bakin maƙwabci ke ɗaukar labarin, kuma mata da ba sa zuwa taron a gida suke ji, ko da yake su ne ke da ɗan waken ajiya.

Sai dai bakin nan kan yar da rabin bayani a hanya. Wajibi ne hatsi ya bushe sosai, danshinsa kada ya wuce kashi 13 cikin ɗari. In ka ciji ƙwaya ta fashe ƙarau, ta yi. Kafin a zuba, a cika kowace leda da iska, a matse a ji ko tana huci. A zuba hatsi, a bar wurin ɗauri, a danne iskar ta fita, a murɗa bakin ledar ciki, a lanƙwasa, a ɗaure. Ta biyu ma haka, sannan na waje, kowanne da igiyarsa. Wanda ya haɗa ukun ya ɗaure wuri guda, iska za ta shiga. A ɗora kan katako, nesa da bango saboda ɓera, kuma ba a buɗewa kullum don ɗibar na tuwo.

Babban ciwon kanmu jabu ne, mai leda sirara da ke tsagewa tun a zubin farko. Mutum ɗaya ya yi asara da shi, ƙauye guda zai ce buhun ƙarya ne. Shi ya sa a shago muke ajiye buhu ɗaya cike da wake, mu sa mai saye ya ɗaure da hannunsa kafin ya biya.