Kafin ka sayi intakula ta hannu, haska cikinta

Duk wanda ya turo mini hoton intakula (na'urar da ke sanyaya iska kafin ta shiga injin mota) yana neman shawara, tambayata ta farko ita ce: me ya sa mai ita ya cire ta? Idan turbo, mai matsa iska tana tura wa inji, ce ta fashe a motarsa, sai a yi hattara. Turbo tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, ranar da fukafukanta suka karye kuwa, ɓarɓashin ƙarfen yakan tafi cikin intakula ya maƙale a lungunan da wanki ba ya kaiwa. Ka ɗaura ta a motarka, wata rana iska ta kwaso shi ta kai cikin inji. Shi ya sa nake haska bakinta da tocila, in zura yatsa in shafo. Ɗan maiƙon baƙin mai ba ya tayar mini da hankali, kusan kowace tana da shi. Amma in na ga ƙyalƙyalin ƙarfe a yatsana, ko kyauta aka ba ni ba na so.

Sai gwajin yoyo. A toshe bakunan biyu, a hura iska, a fesa ruwan sabulu a layin walda. Inda ya yi kumfa, nan take zubar da iska.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda masu saye ke ruɗuwa da girma. Aikin intakula shi ne ta sanyaya iskar da turbo ta matse ta yi zafi, don injin ya samu iska mai kauri. In ta fi ƙarfin turbo ɗin, sai ka taka totur motar ta yi jinkiri kafin ta amsa, ga shi ta tare wa lagireto iska. Wata ma ba ta shiga sai an yanke bamba. Sunan kamfani irin Garrett ko HKS a jiki bai isa hujja ba, tambari kowa na iya bugawa. Ni waldar nake dubawa.

Kai kuma mai sayarwa, don Allah faɗi motar da ta fito da shekararta, ka shimfiɗa komai a hoto ɗaya: bututai, tiyo, kilif, ƙarafunan ɗauri, har ramin sensa. Bututu guda ya ɓata, mai saye zai yi ta yawo wurin masu walda yana neman mai lanƙwasa irin ta ainihi.