Abin da dandali ya koyar game da 'yan mata da maganin ƙiba

Babu abin da ke kashe wasan kwaikwayo a kan jikin 'yan mata a Damagaram kamar rubutun da mai ba da kuɗi yake zuwa da shi cikin jaka. Labarinsa ɗaya ne kullum: yarinya ta ƙaurace wa abinci don ta rame. Akwai irinta, amma ba ita ta cika gari ba. Tamu ita ce wadda ake ce wa "ke kam ba a tuwo a gidanku?", wadda goggonta ke ƙare mata kallo ana saura wata guda biki ta ce ba ta cika zane ba, sai ta aiki ƙanenta wurin mai tallar magani. Ka faɗa wa mai kuɗin haka, ya ce a bi takarda. A bi ta ɗin, 'yan kallo su yi ta hamma, shi ko ya rubuta a rahoto an wayar da kai.

Duk mai son rubuta labarin gaskiya sai ya san abin da ake sha. Galibi iri biyu ake haɗawa. Siproheptadin maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, yana buɗe ciki ya kawo barci. Deksametazon shi ne mugun: fuska ta kumbura ta yi suntum, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, ƙafafu su sirance, fata ta tsattsage, suga da hawan jini su biyo baya. Wadda ta daɗe tana sha, in ta bari farat ɗaya, tana iya faɗuwa, domin jikinta ya rage yin nasa sinadarin. Saboda haka kada a ƙare wasa da jaruma tana watsar da ƙwayoyi ana tafi. A ƙare shi a gaban likita, ana rage mata sannu a hankali.

Sunan maganin kuwa ba ya hawa dandali. A ɓare takardar kwalin, kada a faɗi guda nawa ake sha ko nawa ake sayarwa. In an faɗa, an yi wa masu faranti a kasuwar Dole talla kyauta.

Sai dariya. Mutanenmu tun zamanin wasannin samariya ba su zaman kallon da babu raha, to a ba su. Amma a ɗora ta kan goggo, kan mai tallar da ke rantsuwa, kan samarin fada masu auna mata da ido. Kada a zaɓi siririya don siranta: in an tashi, da sunan da aka zage ta a wasa za a kira ta daga Birni har Zango. Ƙibar jaruma da soso ake yin ta ƙarƙashin riga, a ƙara shi fitowa bayan fitowa.

Minti 40 ya isa, tsakanin la'asar da magariba. A nemi yardar iyaye tun kafin gwaji. Tattaunawa a raba ta, 'yan mata su kaɗai da ma'aikaciyar lafiya, domin gaban maza ba mai ɗaga hannu. Tambayar da ta fi zuwa, kuma da sunan ƙawa ake yin ta, ita ce ko kumburin fuskar yana sacewa.