Hannun mai buga bulo a tsakiyar hunturu

Litinin, Maradi.

Ruwan alwala ne ya wartsakar da ni yau. Ina zuba shi a hannun dama na ji kamar an barbaɗa mini barkono a tsagar nan ta gindin babban yatsa. Kwana huɗu ke nan tana buɗe. Jiya da dare na ɗiga mata sufa gulu irin yadda muke yi a wurin aiki, na kwanta ina ganin na yi dabara, ashe da na dunƙule hannu cikin barci ta sake dagargajewa, har da jini a zanen gado. Waya ta nuna mini awon sanyi ya sauka digiri 14 da asuba. Mai aikin ofis zai ce sanyin daɗi ne. To, ya zo ya tsoma hannu a ruwan tanki da ƙarfe shida da rabi mu gani.

Shekarata tara ina buga bulo. Filin da muke yanzu yana can bayan Ali Ɗan Sofo, inda gari ke ta cin gonaki, babu inuwa sai wata ƴar bedi da awaki suka hana ta girma. Da safe iska ta taso daga gabas da ƙurarta ta busar da kai kamar kilishi, da hantsi kuma rana ta karɓa. Tun watan Nuwamba muke cikin wannan, kuma sai Fabrairu ta wuce za a ce an huta, in ma hutu ne, tunda daga nan bazara ce da ƙurajen zafi.

Na ɗauki felu na juya kwaɓi bai fi sau goma ba, ƙotar ta jiƙe da jini. Maigidanmu ya leƙo ya ce, "Kai, aje helun nan ka tahi asibiti, kar ka sa muna jini cikin bulon mutane." Yaran suka bushe da dariya. Ɗaya ya ce in tsaya wajen bakanike in shafa baƙin mai, shi da shi yake maganin faso. Wani ya ce a'a, a bar ni in je in sayo man amare. Nan ne gizo ke saƙar. A wajenmu namijin da aka ga yana shafa mai da rana tsaka ya shiga uku da tsiya. Ni kaina na yi wa wasu wannan tsiyar. Kaushin hannu ai shi ne shaidar ba ka zaman banza, haka muka taso muna ji.

Na hau kabu-kabu zuwa ƙaramin asibitin unguwa. Layi bai yi tsawo ba, yawanci mata ne da yara masu tari. Majo ɗin, wato mai duba marasa lafiya a wurin, mace ce, ta manyanta, ba ta da yawan dariya. Ta juya hannuna gaba da baya, ta ɓanɓare sauran gam ɗin da ya bushe, na ciji leɓe.

"Malam, da me kake wanke hannu in ka tashi aiki?"

Na ce da garin sabulun wanki, in siminti ya kama ƙwarai kuma in ɗan sa gazuwal.

Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Wato da rana siminti ya ci, da marece kai kuma ka ƙarasa mishi."

Bayanin da ta yi mini shi ne abin da ya sa na zauna rubutun nan, don shekara tara ina cikin abu ban san shi ba. Ta ce jiƙaƙƙen siminti ɗan uwan ruwan toka ne, irin wanda tsofaffi ke dafa sabulu da shi. A ma'aunin kaifin sinadari da suke kira pH, fatar mutum tana wajen 5, kwaɓaɓɓen siminti kuwa yana kai 12 har 13. Aikinsa cinye maiƙo, fata kuma maiƙonta ne garkuwarta. Muguntarsa ita ce ba ya zafi nan take kamar wuta, sai ya yi awoyi yana ci a hankali kai kana ta aikinka. Hunturu kuma ya zo ya tarar da fata ba maiƙo, iska ba laima, sai ta tsage kamar ƙasan fadama bayan ruwa ya janye. Ta ƙara da cewa akwai wani sinadari a siminti, kurom, wanda in ya yi ta shiga ta irin wannan tsagar, wata rana jiki sai ya ƙi shi gaba ɗaya. Daga ranar ko ƙurarsa ta taɓa ka sai ƙaiƙayi da kirci, kuma ba ya barin mutum. Nan na tuna wani dattijon magini da muka yi aiki tare a Zariya, wanda ya bar sana'ar ya koma sayar da goro saboda hannuwansa sun ƙi warkewa. Mu a lokacin cewa muka yi sammu ne.

Na kawo mata zancen baƙin mai. Ta ce kar in kuskura, man da ya gama ƙonewa cikin inji datti ne zalla, kuma daɗewa ana shafa shi na iya jawo cutar daji ta fata. Ta wanke ciwon, ta sa magani ta naɗe, ta tambaye ni rabona da allurar tetanus. Na yi shiru. Aka yi mini.

Sai na yi ƙarfin hali na tambaye ta man kare rana da nake gani a waya. Ta ce yana aiki, a nemi mai lamba 30 ko sama, amma sai ana sabunta shi duk bayan awa biyu, ga mai gumi ma fiye da haka. Na leƙa farmasi da na fito, kuɗin ƴar kwalba ɗaya ya haura abin da nake samu a yini. Ita ma ta san haka, shi ya sa tun a ciki ta ce mini malafa mai faɗi da riga mai dogon hannu sun fi dacewa da aljihuna, kuma in an samu hali a ja kwaɓi zuwa inuwa daga ƙarfe goma zuwa la'asar. Baƙar fata tana da kariyarta da Allah ya yi mata, in ji ta, amma ba ƙarfe ba ce. In na ga gyambon da ya ƙi warkewa, ko wani baƙin tabo a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce yana girma yana sauya kama, in dawo kar in tsaya jiƙe-jiƙe. Wanda man nan ya zame wa dole, ta ce, zabiya ne. Gabana ya faɗi, don yaron da ke turo mana ruwa a kura zabiya ne, kullum kansa ba hula, wuyansa da kunnuwansa duk sun yi ɓawo. Ban taɓa ce masa komai ba sai "yi sauri".

Da yake yau Litinin ce, ranar kasuwa, na wuce babbar kasuwa. Cinkoso kamar kullum, ƴan Jiratawa sun cika gefen hanya da zogale da albasa. Na sayi safar hannu ta roba mai kauri wadda ta kai gwiwar hannu, da wata ta auduga ta sawa daga ciki don gumi. Majo ta gargaɗe ni cewa siminti in ya zuba cikin safa ya kwana a kan fata ya fi hannu tsirara illa, don haka a riƙa juya ta ana wankewa ana shanyawa. Na sayi malafa biyu. Sai man kaɗanya na dala ɗari wajen wata tsohuwa, ta ɗebo ɗan kaɗan ta murza mini a bayan hannu in ga ya narke ba tsakuwa. Wannan dai na laushin fata ne, an riga an faɗa mini ba ya tare rana.

Mai shagon kusa da ita ya so ya cusa mini wani mai a dogon kwali, wai yana "goge ƙunar rana" cikin mako guda. Na san irinsu. Su ne mayukan ƙara haske da suka lalata fuskar wata ƴar uwarmu, kumatu suka yi ja, gaɓoɓin yatsu suka yi baƙi ƙirin, fatar ta yi siriri har jijiyoyi na nunawa, ga shi tana yini a rana tana tuyar awara. Na ce masa Allah ya kawo kasuwa.

A hanyar fita na bi ta wajen masu fatu, sai abin ya ba ni dariya ni kaɗai. Jar akuyar Maradi duniya ta san ta saboda fatarta, har Turai ake kai ta ana ɗinka takalma da safar hannu masu tsada. Dubi yadda majemi ke lallaɓa fatar akuya, ya wanke, ya shafe ta da mai, ya hana ta rana mai yawa don kar ta karye. Fatar da ke jikin majemin kuwa ko oho.

Na biya Mokoyo gaida Inna. Tana ganin bandeji ta kama salati. Da na gaya mata abin da majo ta ce, sai ta taɓe baki. "Wannan ai ba sai an je lakwal ba. Sanda kuna yara wa ke hita gidan nan da hunturu ban shahe shi da man shanu ba? Kun girma kun ce ku maza ne." Ta ce mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, duk dare in ya dawo daga gona sai ya jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, ya goge kaushi da dutse, ya shafa mai tun ƙafar ba ta bushe ba. Abin mamaki, maganar majo ke nan sak, cewa a shafa mai jiki na da sauran danshi, don man ya rufe ruwan a ciki. Ni kuwa in ma na shafa, sai na bushe ƙarau na yi fari fat nake dangwala basilin a goshi in fita.

Da dare maiɗakina ta ɗora ruwa. Na yi wanka da mai ɗumi, ba mai zafin da na saba ƙona jiki da shi ba, da sabulun wanka maimakon na wanki, hannun dama a ɗaure cikin leda. Ta narka man kaɗanyar a tafinta ta bi mini diddige da gwiwoyi da hannun hagu da leɓe, ta kawo tsohuwar safar ƙafa ta ce in sa in kwana da ita. Ƴarmu ta tsaya bakin ƙofa tana ƙyalƙyala dariya, wai Baba yana ƙyalli kamar ƙosai.

An ce in huta wa siminti kwana uku. Kwana uku ba aiki kuɗi ne masu yawa a gidan nan, kuma na san ranar Juma'a in na sauka da safa har gwiwar hannu da malafa, yaran nan sai sun yi mini waƙa. Su yi. Gobe dai da safe zan leƙa filin, ba don aiki ba, in kai wa yaron ruwa malafarsa, in kuma ce wa maigida a riƙa ajiye bokiti ɗaya na ruwa mai tsabta a gefe wanda ba a tsoma felu a ciki. Da yatsa ɗaya na hagu na yi duk rubutun nan, gilashin wayar ya yi dama-dama da mai.