Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Aka Kafa Turaku a Gonar Baba

A makon jiya na tsaya ne a inda aka gama shimfiɗa kwalta daga birni zuwa garinmu. Kafin titin nan, shiga birni aikin yini guda ne, bayansa kuwa ko sa'a ɗaya ba a yi. Mu muna ta murna za mu riƙa kai amfanin gona kasuwa da wuri, ashe 'yan birni ma nasu lissafin suke yi. Kuɗin haya ya ishe su, ga fili a wajenmu kamar banza. Dillalai ne suka fara zuwa, sai masu awo da na'urarsu mai ƙafa uku.

Baba ya daɗe yana cijewa. Kawu ne ya fara sayar da tasa gonar, maƙwabcinmu na gabas ya bi sahu. Ba a yi damina uku ba, gonarmu ta koma tsibiri a tsakiyar katangu. Motocin yashi suna bi ta kan kunya. Ruwan da a da ƙasa ke shanyewa, yanzu siminti ya hana shi nutsewa, sai ya gangaro ya kwanta mana a kan shuka. Wata yamma Baba ya ce da ni, "Kai, je ka kira mutumin nan mai awo." Na ce, "Baba, ku ƙara haƙuri ko na shekara ɗaya." Ko kallona bai yi ba.

Mai awon ya zo da lissafinsa a baki. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, fuloti kuma mita 15 da mita 30, wato fuloti 22 a takarda, amma in aka fitar da hanyoyi ba za su kai 20 ba. Baba ya saurara har ya gama, sannan ya nuna bishiyar da kakanmu ke hutawa a gindinta, ya ce, "Ita fa, a fulotin wa ta faɗa?" Mutumin ya duba takarda ya ce tsakiyar layi ta faɗa. Kafin mako ya zagayo an sare ta.

Ba zan yi ƙarya ba, kuɗin sun yi mana rana. Da su na ƙarasa karatu, kuma fuloti ɗaya ya zama nawa. Shi ya sa in na ji ana zagin baƙi wai sun cinye gari, sai in yi shiru, domin da hannunmu muka miƙa. Daga baya na ga rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018, wanda ya ce kashi 30 cikin 100 na mutanen duniya ne ke zaune a birane a 1950, a 2018 sun kai kashi 55, kuma ana hasashen kashi 68 nan da 2050. Ashe ba mu kaɗai guguwar ta ɗiba ba.

Yau ni ma a birni nake aiki. Kafin gari ya waye ina bakin titi ina rububin mota, tafiyar sa'a ɗayar nan cunkoso ya mayar da ita biyu. Maƙwabcina shekara uku ke nan, ƙarar ƙofarsa na fi sani a kan fuskarsa. Da rana garin sai tsofaffi da yara da magina. Kowane gida ya haƙa rijiyar burtsatse, tsohuwar rijiyarmu kuwa ta ƙafe.

Baba har yanzu da fartanyarsa yake tashi. Ya sami wani ɗan ziri tsakanin katangata da magudanar ruwa, bai fi taku goma ba, nan yake yin kunya biyu duk damina. A nan yake sunkuye ranar da wasu mutum biyu suka yi sallama, kowa riƙe da tasa takardar amma fulotin guda ɗaya ne, kuma duka biyun da sa hannun Kawu. Wannan sai mako mai zuwa.