'Yan Tsanar da Ba Su da Fuska

A watan Yuli, lokacin da maƙwabtana suke fita shan rana, ni ina ɗaki ina ɗinka wa 'yan tsana rigunan sanyi. Haka sana'ar take. Kayan adon hunturu a nan Jamus kasuwarsu gajera ce, daga ƙarshen Nuwamba zuwa jajibirin Kirsimeti. Wanda bai tara kaya tun lokacin zafi ba, sai dai ya tsaya yana kallon masu ciniki.

A Nurembag nake zaune, garin da ya yi suna da kasuwar Christkindlesmarkt. Ana buɗe ta ranar Juma'a a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, a rufe ranar 24 ga Disamba, a dandalin tsakiyar gari gaban cocin Frauenkirche, rumfunan katako masu rufin ƙyalle ja da fari jere kamar an auna da igiya. Kasuwar ta tsufa, domin akwai shaidarta tun 1628. Can na fara ganin wasu 'yan tsana da mutanen garin ke ji da su. Waya ce ƙashinsu, hannu da ƙafa na wani busasshen ɗan itace ne baƙi mai kama da ɗinya, gangar jiki busasshen ɓaure, kai kuwa ƙwallon walnus, wani ɗan itace mai ɓawo mai tauri. Na daɗe tsaye ina dariya ni kaɗai, don abin da ya faɗo mini shi ne 'yar tsanar kara da muke yi a Zariya muna yara, mu ɗaura mata ƙyallen da muka tsinto a shagon tela. Na ce ashe wasan yaranmu wani wuri abinci ne.

Ban samu rumfa a wannan babbar kasuwa ba, ban ma nema ba. Ƙananan kasuwannin unguwanni da na ƙauyukan kewaye nake ci, sai kuma Etsy, shafin intanet na sayar da kayan aikin hannu.

Kowace 'yar tsana daga waya take farawa. Ina lanƙwasa ta ta ba ni kafaɗa da hannuwa, in naɗe da auduga da zare har jiki ya fito. Kai na yumɓun takarda ne, wanda iska ke busarwa ba sai an gasa ba, amma yana son haƙuri: kwana biyu ko uku nesa da na'urar ɗumama ɗaki, in ba haka ba ya tsage. Riga ta ulu ce, mayafi na guntun leshi, siket wani lokaci na saƙi ko atamfa da 'yar uwata ke aiko mini daga gida. Hannunta na riƙe da ɗan itacen kirfa, ko ƙwallon bishiyar fir da nake tsintowa a daji in gasa kaɗan don kashe ƙwari. Nakan tura kanumfari cikin cikinta. Idan aka ajiye ta a ɗaki mai ɗumi, ƙamshin kan tashi a hankali, kuma wannan ya sayar mini da kaya fiye da duk wani talla. Ɗaya mai tsawon taƙi guda takan ci mini wuni cur, ban da jiran bushewa.

Fuska kuwa ba na yi. Tun farko raina bai kwanta da zana ido da baki ba. Na san Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana tana ƙarama, amma nawa na ado ne da ake girkewa a kan taga, sai na zaɓi abin da ba zai hana ni barci ba. Na ɗauka hakan zai kore masu saye. Ashe su Jamusawa sun saba da 'yan tsanar makarantun Waldorf, waɗanda ɗigo biyu ne idonsu, wasu ma babu. Wata tsohuwa ta ɗauki ɗaya ta jujjuya, ta ce tana kama da mahaifiyarta. Ban ce mata komai ba, na naɗe mata a takarda.

Shekarar farko na sha kunya. Da gam ɗin da ake narkarwa a wata 'yar na'ura mai kama da bindiga na manna kawunan, don yana da sauri. A ɗaki lafiya lau. Da na fitar da su rumfa cikin sanyin da ruwa ke daskarewa, gam ya ƙandare ya saki. Wani mutum ya ɗaga ɗaya zai nuna wa matarsa, kan ya faɗi ya gangara ƙarƙashin rumfar mai sayar da kyandir. Kafin yamma guda bakwai sun zama marasa kai. Tun daga ranar, wayar wuya nake nutsawa cikin yumɓun tun yana ɗanye, sauran kuma allura da zare. Aikin ya ƙara tsawo, kuɗin ma ya ƙaru.

Maganar kuɗi: nan ba a taya kaya. Ka rubuta farashi, mai so ya biya, marar so ya yi murmushi ya wuce. Da farko ina kewar "nawa za ki rage", har nakan rage da kaina ba a tambaya ba, sai maƙwabciyata mai saƙa safa ta ja ni gefe ta ce in daina, ina ɓata musu kasuwa.

Takardu su ne ɓangaren da ba na so. Sai an yi rajistar sana'a a ofishin gari, sai kuma rajistar LUCID, ta masu tura kaya a ƙunshe, saboda kwalin da nake aika kaya a ciki. Abin da za a ba yaro ya yi wasa da shi dole ya cika ƙa'idar Tarayyar Turai ya ɗauki tambarin CE. Nawa akwai waya da ƙananan duwatsun ado da yaro zai iya haɗiyewa, don haka kowace tana rataye da 'yar takarda mai cewa kayan ado ce, ba ta wasa ba.

A Janairu nakan kwashe ragowar in jera a akwati da ƙullin lafanda saboda asu, don ulu abincinsa ne. Bara guda huɗu suka rage. Uku suna akwati. Ta huɗun, mai siket ɗin saƙi baƙi, 'yata ta ɗauke ta kai ɗakinta, jiya na ga ta zana mata ido da biro.