Yaron da yake cizo a ajina

Ina shekara ta uku da fara koyarwa a ajin nazare a wata makaranta a Kano aka kawo mini yaro ɗan shekara huɗu wanda ba ya mako bai ciji wani ba. Ya fizge abincin wannan, ya ture wancan, in na tsawata masa ya faɗi yana birgima. Na yi abin da na taso na ga ana yi: tsawa, durƙuso, wani lokacin har bulala. Abin sai gaba yake yi. Har yau bulalar nan tana damuna.

Ranar da ya fasa wa wata yarinya leɓe na aika a kira mahaifiyarsa, sai ga kakarsa. Bayan mun gaisa na ce, "Hajiya, yaron nan ya fi ƙarfina." Ta yi shiru, can ta ce, "Malama, ai uwar tasa ba ta gidan."

Wata huɗu ke nan da mutuwar auren. Uwar ta tafi da jaririyar da take goyo, shi aka bar shi gidan uba, bayan ya sha ganin faɗa da duka a kan idonsa. Uban direban babbar mota ne, sai ya yi kwana goma bai dawo ba. Matar uban ba muguwa ba ce, amma nata 'ya'yan uku ne, ga aikin gida. Da ya fara ihu sai ta miƙa masa waya don a samu lafiya, ya yi ta kallo har sha ɗayan dare.

Daga baya na karanta bayanin Gerald Patterson, masanin halayyar yara na Oregon a Amurka: yaro ya yi ihu, babba ya gaji ya ba shi abin da yake so, sai yaron ya koyi cewa ihu yana biya. Haka ake yi a gidansu. Ni kuma a aji ina ƙara tabbatar masa cewa mai ƙarfi shi ke duka. Ga rashin barci. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce ɗan shekara 3 zuwa 4 ya samu barcin awa 10 zuwa 13, kallon waya ko talabijin kada ya wuce awa ɗaya a rana. Shi da ƙyar yake samun bakwai.

Hajiya ta mayar da shi ɗakinta. Bayan sallar isha'i sai tatsuniya, sai barci. Ta kuma lallashi ɗanta, da ƙyar, ya yarda a riƙa kai yaron wurin uwarsa duk Juma'a. Ni na ajiye bulala, na ba shi aikin raba littattafai, in ya yi daidai na yabe shi a gaban kowa. In ya fara birgima sai na zaunar da shi kusa da ni har ya huce, amma ba ya samun abin da ya yi wa ihun.

Makonni biyun farko abin ya ƙara muni, har na kusa sarewa. Kafin ƙarshen zango na biyu cizon ya tsaya. Rigimar ba ta tafi duka ba: duk makon da aka fasa kai shi wurin uwarsa, ranar Litinin ina gani a fuskarsa tun daga bakin ƙofa.

Yanzu duk yaron da aka kawo mini, kafin na ba shi kujera ina tambayar wanda ya rako shi: a wurin wa yake kwana, kuma ƙarfe nawa yake barci?